Gaisuwar Baba Ilisha a Dandali

Markus ya riƙo hannun mahaifinsa suka tsallaka titi zuwa babban dandalin Kaduna. Baba Ilisha, manomin dawa daga Janfalan, sai waige-waige yake yi, baki buɗe, don bai taɓa wuce Zariya ba. Tun da Markus ya sami aikin masinja a birni yake yi masa alkawarin wannan yawo, tsadar rayuwa tana hanawa, sai bana ya daure ya cika.

"Duk wannan fili ba a shuka komai?" in ji tsohon. "Kai, mutanen birni da asara!"

Markus ya yi dariya. Rabonsa da farin ciki irin wannan har ya manta.

Sai aka busa begila. Sojoji sun jeru za su sauke tutar yamma. Nan take kowa ya ƙame, daga mai tallan rake har mai keke. Markus ma ya ƙame, don a mulkin sojan nan duk wanda ya motsa, jikinsa zai gaya masa. Sai dai ya manta bai faɗa wa Baba dokar ba.

Shi kuwa tsoho da ya ga manya sun fito, wuri ya yi tsit, sai ya yi abin da aka koya masa tun yana yaro. Ya tuɓe takalma, ya durƙusa har ƙasa, ya dunƙule hannu.

"Ranku ya daɗe!"

Wani kofur ya taho da dorina. "Kai tsoho! Ana sauke tuta kana zaune? Gwamnati ka raina?"

"Gaisuwa nake yi, ranka ya daɗe."

Dorina ta sauka a gadon bayansa. Shi da yake dattijon coci guda, aka sa shi kama kunne yana tsallen kwaɗo har ya kife. Markus yana nan dab da shi, hannuwa manne da cinya. Begila ta yi shiru, amma ƙafarsa ta ƙi ɗaguwa. Tsoro ne kawai, kuma ya sani.

Sai da sojojin suka yi nisa ya ruga ya ɗago shi. Rigarsa ta Lahadi ta yage, leɓensa yana jini.

"Baba, ka yafe..."

"Ni zan ce ka yafe mini," in ji tsohon yana haki. "Na ga yadda ka tsaya kyam, ko ƙiftawa ba ka yi. Ka iya zaman birni, ɗana. Ni ne na kunyata ka a gaban mutane."

Markus ya duba fuskarsa ko zai ga alamar gatse. Babu. Da gaske yake yaba masa.