Hannun Kyaftin Tak

Geum-rye tana riƙe da tukunyar kunun shinkafa ta ci karo da wasu baƙaƙen takalma a bakin ƙofa, suna sheƙi, an jere su kusa da tsofaffin silifas ɗin maƙwabcinta Kyaftin Tak. A lungunsu na bayan kasuwar kifi babu mai irin waɗannan. Daga ciki ta jiyo dariyar tsohon, wadda ta ƙare da tari.

"Maman Sun-ok, shigo ki ga ƙanena! Ban ce miki zai zo ba?" Da sunan 'yarta yake kiran ta kullum.

Kyaftin yana jingine da matashi a kan shimfiɗarsa, ciwon huhu ya cinye shi sai ƙashi da idanu. Kusa da shi wani mutum ne durƙushe cikin baƙar kwat, gashinsa ya sha rini. Ba sai an faɗa mata ba, wannan shi ne Alƙali Eom.

Duk unguwar an haddace labarin su ukun. 'Ya'yan masunta ne, makarantar kan tudu suka yi tare. Tak ne babba, shi yake raba musu shinkafarsa da rana. Eom ya zama alƙali a babban birni, Yuk ya zama shugaban banki, Tak kuwa ya riƙe jirgin yaƙi. Wata shekara guguwa ta tashi, ya bar hanyar da aka umarce shi ya je ya tsamo wasu masunta, sai aka sallame shi don ya saɓa umarni. Tun daga nan ƙafafun ƙannen nasa suka manta lungun, shi kuwa bai daina yi musu uzuri ba.

"Yaya," in ji Alƙalin, "Yuk ya gina wa makarantarmu sabon zaure. Za a rataye hotunan tsofaffin ɗaliban da suka yi fice. Sai na tuna hoton nan namu na bakin teku. Babu mai shi sai kai."

Ya ɗaga kai ya dubi bango. Samari uku ne a hoton. Tak yana gefe cikin fararen kayan soja, ya miƙa hannu ya dafa kafaɗar Eom, Yuk na ɗaya gefen yana washe haƙora.

Geum-rye ta dire tukunyar da ƙarfi. Ta ji ana raɗe-raɗin Alƙalin zai tsaya takara, kuma in ka ga kare yana sunsunar takalmi, ɗauka zai yi.

"Ranka ya daɗe, ai wannan ne ya ce a ɗora masa a teburin makoki in ya mutu," ta ce. "Na yi, na yi ya je a ɗauke shi sabon hoto kamar sauran tsofaffi, ya ƙi."

"In zauna gaban masu gaisuwa da wannan fuskar busasshen kifin?" in ji Kyaftin. "Ke dai rufe mana baki ki sauko da shi. Aro ne."

"Aro ne, Yaya. Ranar buɗewa kuma zan turo mota."

Ta sauko da shi, tana ji kamar ta buga wa baƙon a ka. Alƙalin bai ko ɗanɗana kunun ba.

Ranar buɗewa Kyaftin ya sa ta goge masa fararen kayan. Sun yi masa yawa, sai da ta kama wandon da allura. Ya ce a zaunar da shi kusa da taga. Motar mai awara ta wuce, ta masu shara ta wuce. Da rana ta take suka jiyo kiɗan badujala daga kan tudu.

"Hanyarmu ce ba ta shigar babbar mota," ya ce. "Je ki gano mini, ki zo ki ba ni labari."

Ta hau tudun da rigar aikinta mai ƙarnin kifi. An watse, sai masu kwashe kujeru. Hoton yana tsakiyar bango, an ƙara masa girma, an sa shi cikin gilashi. Samari biyu ne a ciki. An rubuta sunayensu da muƙamansu a ƙasa da ruwan zinariya. Amma mai almakashin bai iya da komai ba: a kafaɗar Eom akwai hannu, yatsu a damƙe, da bakin farar riga.

Geum-rye ta tsaya har idonta ya yi zafi. Ba tausayi ne ya cika ta ba, baƙin ciki ne tsantsa, irin wanda yake sa mutum ya rasa wa zai zaga.

Ta tarar da shi inda ta bar shi.

"Yaya na fito?"

"Zauren ya yi kyau. Har da fanka a sama."

"Maman Sun-ok, ke ko a kan kifin jiya ba ki iya ƙarya ba. Yaya na fito?"

Ta durƙusa tana kwance masa maɓallan wuya don kada su haɗa ido.

"Hannunka yana nan," ta ce.

"Hannun kawai?"

Ta ci gaba da kwance maɓallan. Ya daɗe yana kallon farin gurbin da hoton ya bari a bango.

"To," ya ce a hankali, "ai hannun suka fi sani."

Washegari direban Alƙalin ya zo, bai ko cire takalmi ba, ya miƙo ambulan daga bakin ƙofa. "Maigida ya ce a dawo da abin da ba a yi amfani da shi ba." A ciki siririn yankin hoton ne, gefen Kyaftin da aka yanke, faɗinsa bai wuce yatsu biyu ba. Kyaftin ya karɓa ya ɗora a ƙirji. Daga ranar bai sake ambaton sunan ko ɗayansu ba, kunun ma ya daina buɗe masa baki. Kafin mako ya zagayo, da hantsi, Geum-rye tana goge masa fuska ta ji numfashin ya tsaya.

A gidan makoki manyan furanni biyu suka iso, sun fi mutum tsayi, kowanne da ƙyalle mai ɗauke da suna da muƙami. Masu su ba su zo ba. Waɗanda suka zo tsofaffin masunta ne da 'ya'yansu, suka kunna turare, suka kai goshi ƙasa a gaban hoton. Mai ɗaukar hoto na kasuwa ne ya ƙara wa yankin girma, ya ce zai iya gyara hannun da aka datse.

"Bar shi yadda suka bar shi," in ji Geum-rye.

Kyaftin ba shi da ɗa ko jika da zai riƙe hoton a gaban gawa, don haka ita ta riƙe. Kamar yadda ake yi, motar ta tsaya a ƙofar gidansa don ya yi sallama da shi, ta tsaya a bakin teku. Da suka kama hanyar maƙabarta Geum-rye ta taɓa direban.

"Akwai sauran wuri ɗaya. Hau tudu."

Maigadin makarantar ya ga baƙin ƙyallen makoki da ke jikin hoton, ya cire hula ya matsa. Ta shiga zauren ita kaɗai, takunta yana amsa-kuwwa. Ta je gaban bangon, ta ɗaga hoton da hannu biyu, ta jingina shi da gefen gilashin.

Saurayin mai fararen kaya yana dariya, ya miƙa damtsensa zuwa inda takardar ta ƙare. Can bayan gilashin, ɗan sama kaɗan, yatsunsa suna nan riƙe da kafaɗar Alƙali. A waje direban ya kashe injin yana jira.