Laimar Kaka Za Ta Cika Ɗari

A duk garinmu babu wanda ya kai Malam Tokuzo rashin tsoro, kuma ba sai ka tambaya ba, shi zai gaya maka. Kimiyya ya koyar a sakandare har ya yi ritaya. Ya taɓa miƙewa a zauren taron gari ya ce dodon kogi da fatalwa da dilar da ke rikiɗa ta zama mace, dukkansu ba su da gida sai kawunan tsofaffi. Aka tafa masa. Matarsa Sumiye, wadda yayata ce, ita ma ta tafa, tunda a layin gaba aka zaunar da ita.

Laima ce ta kawo matsalar. Ja ce, ta takarda mai shafen mai, ƙashinta na gora. Da ita kakarmu ta shiga gidan miji, kuma cikin kayanmu ita kaɗai ta tsira ranar da gidanmu ya ƙone. Lokacin sharar ƙarshen shekara Yaya ta sauko da ita tana kakkaɓewa, ta ce, "Ikon Allah, baɗi laimar nan za ta cika ɗari."

A garinmu ko yaro ya san in kaya suka cika shekara ɗari rai ke shigarsu. Laima kuwa ido ɗaya take buɗewa, ta zaro harshe, ta yi ta tsalle da ƙafa guda. Malam Tokuzo ya yi dariya, dariyar ta ɗan yi tsawo.

Da na je washegari, na tarar ya juyar da ita a soro tana kallon bango. Da aka sake kwana, ya ɗaure ta da igiya. Ya zauna, ya tashi, ya leƙa soro, ya dawo, ya sake tashi. Shayinsa ya huce bai kurɓa ba.

Na ce, "Malam, ko dai ta kashe maka ido?"

Ya ce, "Kai fa shi ya sa ka faɗi jarrabawata. Danshi ne ke sa gora motsi."

"Au, ta motsa ke nan?"

"Ban ce ba!"

Yaya ta ce daga ɗakin girki, "Maigida, in don motsi ne, kai ka fi ta."

Ya daina shiga ta soro, sai ta ƙofar baya, wai ta fi kusa da takalmansa. Ana gobe sabuwar shekara ya tara mu ya yi bayani: tsohuwar takarda tana tara ƙura, ƙura tana kashe huhu, huhunsa kuwa likita ya ce a lallaɓa shi. Yana magana idonsa na kan soro.

Yaya ta daɗe tana kallonsa. Ta tashi ta kwance igiyar, ta naɗe laimar cikin tsohon zanenta, ta nufi wurin bauta na kan tudu, inda ake yi wa tsofaffin kaya godiya kafin a ƙone su. Na ce zan raka ta, ta girgiza kai.

Ta dawo ana yayyafi, gashinta ya jiƙe, rigarta na warin hayaƙi. Malam Tokuzo ya miƙe ƙafa yana cin lemo, yana mini bayanin iska mai tsabta. Yaya ta ɗauki kofinsa ta zubar da shayin da ya huce, ta ɗora wani.