Murjanin da Ke Cin Abinci da Sirinji

Rahmat nas ce a ɗakin jarirai na wani asibitin kuɗi a Lafia, kuma ba ta taɓa ganin teku da idonta ba. Shi ya sa ranar da mijinta Muhyiddin, ɗan kasuwar riɗi, ya dawo daga Legas da tankin gilashi da buhun gishiri na musamman, ya ce zai kafa teku a falonsu da ke unguwar Bukan Sidi, dariya ta yi har da riƙe ciki.

"Baban Usaina, gishirin Keana ya ƙare ne, sai ka ɗauko daga Legas?"

"Wannan na teku ne, ba na miya ba," ya ce, yana jera duwatsu a ƙasan tankin.

Ya haɗa famfon tankin da sola saboda ɗaukewar wutar nefa, ya ɗora 'yar fanka a kan ruwan saboda zafin garin. Makonni ruwan yana juyawa ba kowa a ciki, sannan ya saka kifaye biyu. Daga baya aka aiko masa da murjani mai rai a cikin kula. Rahmat ta san murjani na wuya ne kawai, irin na kakarta. Waɗannan kuwa sai ga su suna buɗewa ƙarƙashin fitila kamar furanni. Guda ɗaya ne ya ƙi. Dunƙule ne mai launin lemo, jikinsa duk ƙulle-ƙulle, a rufe gam. Muhyiddin ya ɗora shi can sama kusa da fitila, amma sai ƙara yamushewa yake, gansakuka ta fara hawa gefensa.

Lokacin sayen riɗi ya zo, dole ya tafi Assakio. "Wancan kam ya mutu, ki cire shi kada ya ɓata ruwa," ya ce a bakin ƙofa.

Rahmat ta zura hannu za ta cire, sai ta tsaya. A wurin aikinta ta sha ganin jariri ya yi lamo kamar babu rai, alhali yunwa ce. Ta nemo lambar matar da ta sayar da shi, Madam Ngodoo, 'yar Tibi da ta tashi a Lafia kafin ta koma Legas.

"Kai, Madam, kada ki jefar!" in ji Ngodoo. "Sauran suna rayuwa da haske, shi wannan ba ruwansa da haske. A cikin kogo yake zama. Ki kai shi inuwa. Kowane ƙulli da kike gani baki ne, kuma kowane baki sai kin ba shi abinci."

"Kowane baki?" Rahmat ta leƙa tankin. "Da me zan ba shi?"

"Kina da sirinji?"

Rahmat ta fashe da dariya.

Ran nan ta mayar da shi ƙarƙashin wani dutse mai rumfa. Ta samo ɗanyen jatan lande a wurin masu kifin sanyi, ta yayyanka shi sala-sala, ta fara da fesa wa murjanin ruwan jatan landen kawai don ya ji ƙanshi. Kullum in ta dawo aiki bayan la'asar haka take yi. Kwanaki shiru. Da ta gwada naman, kifayen nan biyu suka wawashe kafin ya sauka. Ta zage su tas, sannan ta yanke gindin gorar ruwa, ta kife a kan murjanin kamar tanti, ta riƙa zura sirinjin ta bakin gorar.

Wata Alhamis da yamma, tana tsugune da kayan aikinta a jiki, ta ga ƙulli ɗaya ya kumbura. Bakinsa ya ɗan tsage. Wasu siraran yatsu rawaya suka leƙo, suna rawa a ruwan. Ta matsa sirinjin a hankali. Yatsun suka cafke naman, suka naɗe shi, suka tura ciki.

"Ya ci! Wallahi ya ci!"

Ihun da ta yi ya sa maƙwabciyarta Doose ta faɗo gidan da ludayi a hannu, tana zaton gobara ce. Suka tsuguna tare. Baki na biyu ya buɗe, na uku ya biyo, kafin magariba dunƙulen nan ya koma wani kurmi na zinariya. Rahmat ta kira Muhyiddin ta bidiyo.

"Maman Usaina, wani kika sayo?"

"Mamacinka ne! Kalle shi yana haɗiya!"

Murna ta ɗebe ta, ta yi ta ɗura masa abinci har washegari ruwan ya yi duhu, kifayen suka hau sama suna haki. Ta kira Ngodoo a ruɗe.

"Tankinki sabo ne, ba zai iya ɗaukar datti da yawa ba. Ki canza wani ɓangaren ruwan yanzu, ki rage hannu."

Ita da Doose suka yi ta jidar bokitai, suna dama gishiri, suna zuƙe ragowar nama da tiyo. Falon ya jiƙe sharkaf, amma kifayen suka sauko. Daga ranar ta koma ba shi kaɗan-kaɗan, tana tsallake rana.

Da Muhyiddin ya dawo, ko takalmi bai cire ba ya nufi tankin. Ya karɓi sirinjin, ya matsa da ƙarfi, bakunan duka suka tsuke.

"Miƙo nan, hannunka na awon buhu ne," ta ce.

Tana gyara gorar ne ta hango wani abu a gindin murjanin, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar gero, da yatsunsa kamar gashi. Jiya babu shi.

"Baban Usaina, zo ka gani! Ya haihu!"

Muhyiddin ya manna goshi a gilashin yana salati. Rahmat kuwa har ta nufi kicin da gudu, za ta ƙara niƙa naman yadda ƙaramin bakin zai iya haɗiya.