Jan Ƙyalle a Fadama

Tun ranar Laraba Zahra ta jera takalman gudunta a bakin ƙofa, tana leƙa su safe da yamma. Shekararta takwas, kuma tun tana 'yar uku take fama da asma. Tun lokacin ban taɓa yarda ta yi nisa da jakata ba, don a ciki inhelarta take, abin shaƙar nan da ke buɗe mata ƙirji in numfashi ya sarƙe. Likitarta ce ta matsa in bar yarinya ta motsa jiki, in dai maganin na kusa da ita. Ƙanena Fu'ad na jin haka ya sa sunanmu a kulob ɗinsu na masu gudun safiyar Asabar.

Gari bai gama wayewa ba muka bar unguwarmu Kado a Abuja, muka bi hanyar Bwari har wani ƙauye da kwalta ta ƙare a bakinsa. Ina fitowa daga mota Fu'ad ya kalli jakar da na goya.

"Yaya Nabilah, gudu muka zo ko aikin Hajji?"

"Ruwa ne da filasta da ayaba da rigar canji. In ka faɗi kada ka neme ni."

"To tunda kin buɗe shago, ajiye mini wayata."

Shugaban kulob ɗin, Godfrey, wani dogo mai usur a wuya, ya tara mu ƙarƙashin mangwaro. A kasuwar Garki ya koyi Hausarsa.

"Kowa ya ji ni. Jiya ni ya ɗaura jan ƙyalle a hanya. Ka ga jan ƙyalle, ka bi shi. Ni zai zaga da babur in jira ku a ƙarshe. Madam, yarinya naka zai iya?"

"Zan iya," in ji Zahra, tun ban buɗe baki ba.

Aka busa usur muka tashi.

Wallahi ban san akwai irin wannan wuri a gefen Abuja ba. Damina ta kusa ƙarewa, ciyawa ta kai ƙugu, raɓa na jiƙa mana wando. Rafi na gudu a hagunmu, balbelu sun yi fari fat a gaɓarsa, shanu na ta kiwo ba su ko ɗago kai ba. Na manta rabon da in ga sama babu gini a gabanta. Na ji dariya na taso mini haka kawai. Hannun Zahra na cikin nawa, tana ta fizgewa kamar ɗan akuya a igiya.

"Mami, ki sake ni in bi Kawu. Don Allah. Kin cika nauyi."

Na saurari numfashinta, lafiya lau. Na kalli Fu'ad, ya ɗaga mini gira.

"Kada ta ɓace maka ko na ƙiftawar ido," na ce, na buɗe yatsuna.

Ta tafi kamar an harba ta. Ni kuwa jaka na dukan bayana, aka yi ta wuce ni har na zama ta ƙarshe, har na daina jin takun kowa.

A gindin wata ɗorawa hanya ta rabu biyu. Ta hagu ta gangara fadama, jajayen ƙyallaye birjik a kan karare suna kaɗawa, sawun takalma duk sun bi can. Na bi su. Ban yi nisa ba na ji ƙarar gwangwanaye, iska na kaɗa su a jikin igiya. Sai na tsaya cak.

Na san wannan ƙarar. Ina yarinya, a Kura nake hutun makaranta wajen kakata, kuma in shinkafa ta fara nuna mu ake turawa korar tsuntsu. Tsohon zani ake yagawa a ɗaura a kara, a ja igiya a rataya gwangwanaye. Na taɓa ƙyalle ɗaya: yagin atamfa ne, rana ta cinye shi. Na koma gindin ɗorawar a guje. Can a reshen dama ga na Godfrey, guda ɗaya tal, sabo, yankan almakashi, yana nuna hanyar da ta hau tudu.

Kulob ɗin gaba ɗaya ya bi ƙyallen korar tsuntsu. Hanyar ba ta zuwa ko'ina sai taɓo da ruwan sanyi, kuma sanyi ne ke tayar wa Zahra ciwonta. Ita tana can, inhelar tana nan a bayana.

Na kira Fu'ad. Wayarsa ta yi ƙara a cikin jakata.

Na zaro inhelar, na rataye jakar a reshe, na ɗaure mayafina a ƙugu, na ce bismillah.

Rabona da irin wannan gudu tun ina sakandare a Zariya. Na hau kunyar da ta raba gonakin, 'yar siririya, shinkafa ta sunkuya dama da hagu tana shafar gwiwata. Ƙafafuna suka tuna abin da ni na manta. Garken tsuntsaye ya tashi fuu a gabana, ruwa na fantsama, bado ya rufe wani kududdufi da fararen furanni, na tsallake shi ban ko auna ba. Zuciyata na kiran sunan Zahra, amma ba zan ɓoye ba, jikina murna yake yi. Na ji iska a kunnena. Na ji ni ce.

Muryoyi na fara ji kafin in gan su. Manyan ma'aikata da 'yan kasuwa, duk sun cake a taɓo. Wani darakta na lalube da hannu biyu yana neman takalminsa. Mai gonar, wata dattijuwa, ta riƙe ƙugu a kan tudu tana tambayar wa ya aiko su.

Zahra na tsaye a ruwa har gwiwa, Fu'ad riƙe da kafaɗarta yana ta shafa aljihunsa. Dariya take yi, amma daga nesa na jiyo 'yar ƙarar nan a ƙirjinta, siririya kamar usur. Na faɗa ruwan, na ɗago ta zuwa kan kunya, na girgiza inhelar.

"Fitar da numfashi. Yawwa. Ja. Riƙe."

Na ɗora tafina a bayanta ina jira. Ta sake ja. A hankali ƙarar ta yi ƙasa, ta ɓace.

"Mami," ta ce, idonta waje, "ke ce kika taho a guje haka? Na zaci wata ce."

"Ni ma na zaci wata ce," in ji Fu'ad. "Yaya, ina shagon?"

"Yana kan bishiya. Kai kuma za mu yi magana a gida."

Na gaishe da dattijuwar, na ba ta haƙuri, na ce mun ɗauki ƙyallenta alamar hanya ne. Ta yi dariya har da tafa cinya. Muka fito layi ɗaya a kan kunya, ina gaba, darakta a baya da takalmi ɗaya.

A gindin ɗorawa na nuna musu ƙyallen gaskiya. Kowa ya hau tudu, ni na tsugunna gaban Zahra. Na goge mata ƙafa, na canja mata riga, muka zauna har numfashinta ya daidaita sosai. Na daɗe ina juya inhelar a hannuna. Sannan na buɗe zif ɗin aljihun wandonta, na saka, na ja.

"Daga yau a nan take zama. Kina jin ƙirjinki ya fara, ki tsaya ki shaƙa, ba sai kin nemo ni ba. Me na ce?"

"In tsaya in shaƙa."

"To je ki."

Daga saman tudun ana hango rafin gaba ɗaya yana walƙiya, da Godfrey can ƙasa kusa da babur ɗinsa. Muryarsa ta iso mu yana tarbar na farko: "Oga, ina kuka shiga haka? Ni bai ɗaura ƙyalle a ruwa ba."

Zahra ta gangara cikin ciyawa, hannunta ɗaya dafe da aljihu. Na gyara zaman jakata, na ba ta rata mai kyau, sannan na bi ta da duk ƙarfina.