Kwanon Iya da Akuyar Maƙwabci

Malama Larai ta miƙo wa Fiddausi takardunta tana danne dariya.

"Hausarki ta yi kyau. Amma shafi biyu mutanenki suna gaisawa! Akuya ta ci wake, mai wake ya ce ba komai, labari ya ƙare. In kina so a karanta naki ranar bikin hutu, ki dawo da shi Laraba da abin da zai hana mutum gyangyaɗi."

Fiddausi ta kama hanyar gida. Tun shigarta sakandaren Mairuwa take burin a kira sunanta a wannan taro, sai dai ita ko a takarda ba ta iya sa manya cacar baki. In ta rubuta "ƙarya kake", sai ta ji kamar wani ya jiyo ta, ta yi maza ta goge.

Ta tarar da kakarta, Iya Hussaina, a tsakar gida tana ɓare gyaɗa. Ta tsuguna ta karanta mata. Ba a kai ga "ina gajiya" na uku ba Iya ta yi hamma har da hawaye.

"'Yar boko, wannan labari ne ko maganin barci?"

"Kai Iya! To ai haka ake yi. Ke ma da akuyar Baba Audi ta cinye miki yakuwa da damina, ba komai kika ce."

"Na ce mana. To mi zan ce? Maƙwabci ne, kuma ya girme ni."

"Kin gani ko? Magana ta wuce."

Iya ta harare ta. "Ta wuce ina? Ke yaushe rabon da in aike ki gidanshi da kwanon dambu?"

Fiddausi ta ɗaga kai ta dubi rumfa. Duk Juma'a kwanon nan mai murfi yakan shiga gidan Baba Audi da dambu, ya dawo da fura. Tun damina yana kife a kan rumfa.

"Shi ya sani?"

"Ya sani sarai. Shi ya sa gaisuwarshi ta ƙara tsawo. Jiya har lahiyar kajina ya tambaya. Jira nike ya ce mini, 'Hussaina, na yi laihi.' Shi kuma girma ya hana shi."

Washegari da sassafe Fiddausi ta sake zama kan labarin. Ba ta taɓa gaisuwar ba, ba ta goge "ba komai" ba. Kwano kawai ta shigar. Juma'a ta zo, tsoho mai akuyar cikin labarin ya sa an dama fura, ya zauna a zaure yana kallon hanya, har rana ta karkata, furar ta tsinke.

Da ta karanta wa Iya, hannun tsohuwar ya tsaya cik a cikin gyaɗa.

"To sai ya yi mi? Ya zo ya ba da haƙurin?"

"Ban kai nan ba tukuna."

"Ja'ira! Tahi ki kai mana!"

Ran Laraba Malama Larai ta karanta a tsaye, aka kaɗa ƙararrawa ba ta ɗago kai ba. Da ta gama ta ce, "Ke za ki buɗe taro."

Fiddausi ta sheƙo gida da albishir. Iya ta yi guɗa, sai kuma ta katse.

"Tsaya. Iyaye na zuwa bikin nan?"

"Har da Baba Audi, a kujerar gaba yake zama."

Iya ta dubi kwanon da ke kan rumfa.

"Mai da akuyar tunkiya."

"Iya, ai zai gane kwanon."

"To bar ta akuyarta," in ji Iya, ta ci gaba da ɓare gyaɗa. "Amma in kin zo wurin furar nan, ki ɗaga murya."