Sunan da Baffa Bai Faɗa Ba

"Baba, riƙe min kalmomi uku," in ji Dokta Basiru, yana jawo kujera kusa da gadon. "Lemo, tabarma, jirgi. Zan tambaye ka an jima."

Alhaji Maigandi, wanda 'ya'yansa ke kira Baffa, ya maimaita su ɗaya bayan ɗaya, bakinsa na karkacewa hagu. Sati uku ke nan da ya faɗi a Kasuwar Shanu, yana tsaka da daidaita cinikin wani bijimi, ɓarin jikinsa ya shanye. Khaulat, babbar 'yarsa, tana tsaye a ƙarshen gadon da fulas ɗin kunu a hannu. Ƙanenta Almustapha ya jingina da bango.

Dokta Basiru ɗan Ilori ne. Bautar ƙasa ce ta kawo shi Potiskum, garin ya riƙe shi, ya koyi Hausa a bakin marasa lafiya, shi ya sa har gobe kowa "Baba" ne a wurinsa. Ya tambayi ranar mako, Baffa ya ce Lahadi, alhali Laraba ce. Ya tambayi abin da ya ci da safe, Baffa ya dubi fulas ɗin kawai. Amma da aka ce ya lissafa irin shanu, sai ga mutum ya miƙe wuya.

"Bunaji, rahaji, bokoloji. Kai likita, wane iri kake nema? Na kiwo ko na yanka?"

Almustapha ya yi dariya. Khaulat ba ta yi ba. Malamar kimiyyar halittu ce a sakandare, kuma wannan ilimin ne ya hana ta sukuni. Ta sha gaya wa ɗalibanta labarin wani Ba'amurke da aka yanke wa wani sashe na ƙwaƙwalwa don maganin farfaɗiya. Ya warke, amma daga ranar sabon abu ba ya zama masa. Masu bincike sun koya masa zana tauraro yana duban madubi, hannunsa ya ƙware kullum, shi kuwa kullum cewa yake bai taɓa gwadawa ba. A aji labarin yana da daɗin bayarwa: tunawa ba rumbu ɗaya ba ce, ɗakuna ne daban-daban, wani ya rushe wani yana tsaye. Yanzu ga ta a asibiti tana son ta san a wane ɗaki take.

Dalili kuwa, a satin farko ta sunkuya tana goge masa baki, ya ɗago ya ce, "Sannu, baƙuwa." Tun ranar bai sake yi mata magana kai tsaye ba. Kullum sai ta hau Keke Napep daga unguwar Dogo Tebo ta kawo kunu, ya sha, ya kau da kai.

"Wannan wane ne?" Dokta ya nuna bango.

"Almustapha. Bai iya ciniki ba."

"To, wannan fa? Mene ne sunanta?"

Baffa ya dube ta. Duba ɗaya, gajere. Sai ya mayar da idonsa kan bargo, ya shiga murza gefensa da hannun da ke aiki.

"Baba, sunanta."

Baffa ya ci gaba da murza bargon. Dokta ya jira, ya sake tambaya a hankali, sannan ya ja ɗan layi a takardarsa. Khaulat ta ga layin. Wallahi da mari aka kwaɗa mata da ya fi sauƙi. Shanu sun tsira, Almustapha ya tsira, ita ce aka share. Ta ajiye fulas ta fita baranda kafin hawayen su tona mata asiri.

Almustapha ya biyo ta. "Adda, ki yi haƙuri. Dama Baffa yaushe ya taɓa kiran sunanki?"

"Na sani," ta ce, tana share fuska da gefen hijabi. "Da can ba ya faɗa don ya sani. Yanzu ba ya faɗa don bai sani ba. Ta ina zan gane bambancin?"

Ai kuwa gaskiyarta. 'Yar fari ce, kuma Bafulatani irin Baffa ba ya kama sunan ɗan fari, kunya ce ta iyaye. Shekara talatin da huɗu "Ke" take ji. Ke, kawo buta. Ke, an tashi makarantar? Tana yarinya har kuka ta sha yi a ɓoye, ganin ƙannenta kowa da sunansa a bakin uba. Yau ko "Ke" ɗin ta nema ta rasa.

Suka koma ciki, lokacin wata nas ta shigo da abin awon jini. Sabuwa ce a ɗakin, siririya, da lafazin Bolanci a Hausarta. Dokta ya ce, "Baba, kalmomin nan uku?"

"Lemo," in ji Baffa. Ya daɗe yana lalube. "Tabarma." Jirgin ya tashi ya bar shi.

"Biyu cikin uku. Satin jiya ko ɗaya ba mu samu ba." Dokta ya juya ga nas ɗin. "Bari mu gwada sabon suna, mu ga ko zai zauna. Sista, gaya masa sunanki."

"Khaulat Adamu, Baba."

Almustapha ya dubi yayarsa. Ita kuwa ta zuba wa Baffa ido.

"Maimaita, Baba," in ji Dokta.

"Adamu."

"Na farkon fa?"

Baffa ya ɓata rai, irin ɓacin ran da yake yi wa mai sayen da ya raina masa saniya. "Likita, kai ba ka da ta ido ne? Ɗazu ka matsa min, na ƙyale ka."

"Ka manta ne?"

"Wa ya manta?" Ya tura leɓe wajen ƙarshen gadon, bai ko kalli wurin ba. "Takwarar waccan ce. Ni zan kama sunan ta fari a gaban mutane?"

Nas ɗin ta rufe baki tana dariya ƙasa-ƙasa. Dokta Basiru ya duba fuskokinsu ɗaya-ɗaya, sai da Almustapha ya yi masa bayani. Ya dafe goshi. "Shekara shida ina yin wannan tambayar a garin nan," ya ce. "Allah kaɗai ya san dattawa nawa na rage wa maki." Ya soke layin da ya ja, ya rubuta wani abu a gefe.

Khaulat ta dafa ƙarfen gadon. Daɗi ne ya cika mata ƙirji. Ta san sauran aiki na nan: Laraba za ta ci gaba da zama Lahadi na wani lokaci, hannun hagu sai an yi ta gasa shi ana motsa shi. Ta ɗauki fulas ɗin don ta samu abin yi da hannunta.

Baffa yana duban taga ya ce, "Ke."

"Na'am, Baffa."

"Kunun jiya tsamiya ta yi yawa."

Jiya. Ta buɗe fulas ɗin, ta zuba masa na yau.