Ƙwai Shida a Silin ɗin Baba

Akwati ɗaya. Maganin hawan jini na wata uku. Safa masu kauri. Makunnin rage haske guda, a kwalinsa. Abin da Auta ta ɗauko ke nan daga ƙasar waje, kuma tun daga filin jirgi kwalin yana kan cinyarta a bayan tasi.

Sati biyu ke nan da Yayarta ta kira ta ce dimar ɗakin Baba, wato makunnin rage haske, ta ƙone. Ƙwan lantarki shida ne a silin ɗin, irin na da da ake kira halojin, marigayiya Mama ce ta sa aka saka, kuma kullum takan saki labule ta murɗa makunnin ƙasa har hasken ya koma ruwan zuma. Tun da mantuwa ta kama Baba fuskokin 'ya'yansa suka ɓace masa, amma wannan hasken bai manta ba. Da dimar ta mutu, mai gyaran wuta ya sa ƙwan zamani, farare tas, da makunni na gama-gari. Daga ranar Baba ya ɗauka cewa a asibiti aka kwantar da shi. Abinci sai an yi da gaske. Yakan zauna bakin gado da takalmi a ƙafa, yana tambayar duk wanda ya shigo yaushe za a sallame shi.

Haka Auta ta same shi. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa da ladabi, ya kira ta nas.

Kafin ta sha ruwa ta sa aka kirawo mai gyaran. Ya juya kwalin gaba da baya, ya fara cewa wannan ta ƙwan zamani ce, ta katse shi. A babban kanti ta saya, in ji ta, kuma mai kantin ya tabbatar mata tana aiki da kowane ƙwai. Ya dubi Yaya, Yaya ta ɗaga kafaɗa ta ce ai Baturiya ta yi magana. Ya hau tsani ya mayar da tsofaffin ƙwan, ya ɗaura dimar. Auta ta murɗa a hankali.

Baba ya dubi bango, ya dubi kujerar Mama. Ya sunkuya ya cire takalmi.

"Auta," ya ce, "yaushe a gari? Kin rame. Can ba a ba ku abinci ne?"

Ya ci rabin faranti da hannunsa. Ya tambayi aikinta, ya yi wa Yaya tsiya kan gishiri. Minti arba'in aka yi haka. Sai makunnin ya fara ƙugi kamar ƙudan zuma, hasken ya yi rawa, ƙaurin roba ya tashi. Ɗif, wutar ta ɗauke.

A falo mai gyaran ya nuna mata ƙananan rubutu a gefen kwalin, cikin harshen da ta shekara goma sha ɗaya tana aiki da shi. Iyakar ƙarfin dimar wat ɗari da hamsin. Ƙwan ɗakin Baba kowanne hamsin ne, sau shida.

"Ranki ya daɗe, da kin bar ni na ƙarasa, da uku na cire. Da ta ɗauka."

Yaya ta dubi fuskar ƙanwarta.

Mai gyaran ya ce akwai dima mai ƙarfi da ke jure halojin, amma an daina kawo ta sosai, sai ya bi masu tsofaffin kaya ɗaya bayan ɗaya. Ko sati, ko wata, ba zai yi alkawari ba. In aka kunna halojin kai tsaye kuma, idon Baba zai yi ta hawaye. Aka mayar da fararen.

Auta ta leƙa ɗakin. Baba ya gode mata da kulawa, ya roƙe ta in ta ga likita ta tuna masa akwai mai jira.

Ta ja ƙofar ta rufe. Yaya na tsaye da farantin.

"Yaya, ba zan koma ranar Alhamis ba. Ina nan sai an samo."